Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Ruwan da Ke Ƙarƙashin Gonakinmu

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan Albarkatun Ruwa na Jihar Katsina, da Majalisun Masarautun Katsina da Daura, da hakimai, dagatai da masu unguwanni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna roƙon Allah ya ja zamanin iyayen ƙasa, ya yi wa shugabanninmu jagora.

Ranku ya daɗe, masu wannan takarda ma'aikatan ruwa ne. A cikinmu akwai masu nazarin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, akwai masu haƙar rijiyar burtsatse, akwai malaman gona masu bin manoman rani fadama-fadama. Magana ɗaya ce ta haɗa mu. Kowace shekara rijiyoyin burtsatse ƙaruwa suke yi a ƙauyukanmu: gwamnati na haƙawa, ƙungiyoyi na haƙawa, masu hali na haƙawa sadaka, manomi ma yakan sayar da sansa ya haƙa tasa. Amma da wuya ka sami ƙauye ɗaya da zai iya gaya maka gaba nawa ruwan ƙasarsa ya sauka daga bara zuwa bana. Muna ɗiba ne daga rumbun da ba mu taɓa leƙa cikinsa ba. Ƙasar da labarin kafuwarta ya faro daga bakin rijiyar Kusugu bai kamata ta bar lissafin ruwanta ga ƙiyasin ido ba.

Mutane da dama sun ɗauka akwai wani gulbi da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa, wanda duk ya yi zurfi zai tarar da shi. A mafi yawan jiharmu ba haka abin yake ba. Daga Funtuwa zuwa Malumfashi, Ƙanƙara, Musawa, Dutsin-Ma har Kankiya, ƙasa na zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi kankare, kuma shi kansa ba ya riƙe ruwa. Mai haƙa yakan fara da jar ƙasa da marmara, ya shiga yumɓu, sannan ya iske ruɓaɓɓen dutse, wanda in ka murza shi a tafin hannu yake wargajewa kamar tsaki. To a nan ruwan yake, da kuma cikin tsagogin da ke saman lafiyayyen dutsen. Kaurin wannan sashe yawanci mita 10 ne zuwa 30, a wani wurin ma bai kai ba. Kada kuma a ɗauka duk kaurin nan ruwa ne. A kowace mita ɗaya ta ruɓaɓɓen dutse, abin da za a iya ja bai fi santimita 1 zuwa 3 na ruwa ba. Shi ya sa ake haƙa rijiya a gidan wane ta ba da ruwa, a matsa taku ɗari a haƙa wata sai ƙura. Shi ya sa kuma ƙara zurfi ba shi ne magani ba: nauyin ƙasa yana matse tsagogin yayin da ake sauka, in an wuce mita 60 zuwa 80 a cikin irin wannan dutse, galibi kuɗi kawai ake zubawa a rami.

A gefen arewa labarin ya ɗan bambanta. Ta wajen Jibiya da Kaita, da kuma ta wajen Ɓaure da Zango, yashi da tsakuwa masu kauri ne suka kwanta a kan dutsen tun zamanin da, masana na kiran na farkon shimfiɗar Gundumi, na biyun shimfiɗar Cadi. Rumbun can ya fi girma, yana kuma ƙetarawa cikin Nijar, sai dai ruwan sama ya fi ƙaranci, kuma abin da ke ciki ya daɗe yana taruwa. In ya fara sauka, a hankali yake sauka, ba a ankara sai an yi nisa. Sai fadama, wadda yashinta ke riƙe santimita 10 zuwa 20 a kowace mita, tana cika kowace damina, amma ba ta da kauri, ɗan kwano ce a bakin ƙorama.

Ga lissafin da muke so kowane dagaci ya riƙe a ka. Ruwan sama milimita ɗaya in ya sauka a kan hekta ɗaya, lita 10,000 ke nan. A arewacin jihar damina mai kyau takan ba da wajen milimita 600 zuwa 700, a kudanci ta kai 1,000. Mafi yawansa rana ke shanyewa, tsirrai su sha, saura ya bi ƙorama. Abin da ke kaiwa rumbu ɗan kaɗan ne cikin ɗari. Ta ɗaya gefen kuma, hekta ɗaya ta tumatirin rani tana buƙatar wajen milimita 600 daga dashe zuwa ƙarshen tsinka, wato lita miliyan 6. Ƙauye mai mutum 2,000, in kowa ya yi amfani da jarka ɗaya mai lita 25 a rana, a shekara bai wuce lita miliyan 18 da ɗoriya ba. Ashe hekta uku ta tumatir tana shan abin da ƙauyen nan gaba ɗayansa zai sha a shekara. Ba muna cewa a daina noman rani ba ne. Shi ke riƙe matasa a gida, shi ke kawo kuɗi lokacin da rumbun hatsi ya fara sauti. Muna cewa a san farashinsa na ruwa.

A da, ruwa yana da mai gadinsa ba tare da an naɗa shi ba. Mai jan guga da mai jigo ƙarfin damtsensu ne iyakarsu. Da injin fetur ya shigo tare da shirye-shiryen Fadama, kuɗin mai ya zama iyaka, sannan injin da ke zaune a sama ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8 komai ƙarfinsa. Duk wanda ya taka fadama a watan Afrilu ya ga alamar: manomi ya haƙa rami ya kai ƙugu, ya saukar da injin ciki don ya kusanci ruwa, bayan mako biyu ya ƙara zurfin ramin ya kai ƙirji, tiyo na tofar da ruwa haɗe da iska. Ramin nan awo ne, yana gaya maka daidai nawa ruwa ya sauka, sai dai ba mai rubutawa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, jama'a suka karkata ga sola da sumo, wato famfon lantarki da ake nutsarwa cikin ruwan rijiya. Sola alheri ce, amma ta cire iyakokin nan biyu a lokaci guda: ba kuɗin mai, kuma sumo na bin ruwa duk inda ya sauka. Daga hantsi har la'asar famfo na aiki, tanki ya cika ya yi ta ambaliya, ba wanda ya damu tunda rana kyauta ce.

Idan famfo na ja, ruwan da ke kewaye da rijiyar yakan lotsa kamar mazurari, tsakiyarsa a bakin famfon, gefensa na faɗaɗa muddin ana ja. In mazurarin ya kai rijiyar maƙwabci, tasa ma ta sauka. Wadda ke fara ƙafewa ita ce ta gargajiya mai gaba shida ko takwas, wadda mata da makiyaya da marasa hali suka dogara da ita. Mai sumo bai yi nufin cutar kowa ba, bai ma sani ba. Su kuma waɗanda abin ya shafa sai su ce shekara ce. Garuruwan da suka karɓi 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu sun fi kowa jin wannan, don baki ya ƙaru rumbu bai ƙaru ba.

Rijiyoyin burtsatse da yawa da ake cewa sun ƙafe, a gaskiya tun ran gini aka yi zanen mutuwarsu. Wata ba a yi mata safiyo da na'urar lantarki ba, an haƙa ta ne inda mai ba da kuɗi ya nuna da yatsa. Wata an sa bututu mai tsaga-tsaga a inda ba nan ruwa ke shigowa ba, ko an yanka tsagar da zarto ta yi faɗi, ba a kuma zuba tsakuwar tacewa mai girma ɗaya a bayanta ba, sai yashi ya yi ta shiga yana cinye haƙoran famfo. Wata ba a wanke ta da kwamfiresa har ruwa ya fito garau ba. Amma kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora babban famfo a kan ƙaramar rijiya. Rijiyoyin ƙasar dutse da dama ba sa wuce rabin lita a daƙiƙa, wato lita 1,800 a awa, abin da ya ishi famfon tuƙa-tuƙa har da rara. Sai a sa mata sumo mai jan lita 5,000 a awa. Kafin awa ta cika ruwa ya sauka zuwa bakin famfon, ya fara shaƙar iska, motar da ruwa ne ke sanyaya ta ta yi zafi ta ƙone. A sayo sabuwa irinta, ta sake ƙonewa, a ce wa rijiya ta mutu.

Maganin wannan gwajin ja ne kafin a sayi famfo. A ja ruwa da ƙarfi ɗaya ba tsayawa, awa 24 ga rijiyar da za a sa wa sumo, ana auna saukar ruwa minti-minti da farko, daga baya awa-awa, ana kuma duba daƙiƙa nawa duro mai lita 200 ke ɗauka ya cika. In an kashe famfo a ci gaba da aunawa a ga yadda ruwan ke dawowa. Rijiyar da ta yi kwana ɗaya ba ta koma kusa da inda ta taso ba, rumbunta ƙarami ne komai yawan ruwan da ta feso ranar buɗewa. Shawararmu, kada famfon da za a sa ya wuce kashi biyu cikin uku na abin da gwajin ya nuna, a rataye shi a cikin rufaffen bututu ba a tsakiyar mai tsaga ba, a haɗa masa na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa ko tanki ya cika. A kuma tuna cewa gwajin watan Oktoba yana yaudara, na bazara ne ke faɗin gaskiya.

Ranku ya daɗe, babban roƙonmu ba ya buƙatar kwangila. Muna roƙon kowane ƙauye mai noman rani ya buɗe littafin ruwa. A zaɓi rijiyoyi uku zuwa biyar: ɗaya a fadama, ɗaya a cikin gari, ɗaya a tudu, in da hali har da wadda ba a ja daga cikinta. A shafa fenti a wuri ɗaya a bakin kowace, daga nan za a riƙa aunawa a kowane awo. Kayan awon tef ne mai mita 30 ko 50, a ɗaura masa ɗan guntun bututun ƙarfe mai toshasshen kai, wanda in ya taɓa ruwa ake jin ƙararsa. Rijiyar burtsatse sai an saka mata siririn bututu mai inci ɗaya a gefen na famfo don kada tef ya sarƙe da waya, kuma kowace ƙaramar hukuma ta tanadi ma'aunin lantarki ko da biyu ne don masu zurfi. A auna bayan sallar asuba kafin a fara ɗiba, ranar 1 da ranar 15 ga kowane wata. A kafa ma'aunin ruwan sama a filin makarantar firamare, nesa da bishiya da rufin kwano, a riƙa karantawa kowace safiya. Malamin makaranta ya riƙe littafin, a kuma kwafe lambobin a bangon da ke kusa da masallacin Juma'a ko ƙofar dagaci, inda kowa zai gani.

Bayan shekara ɗaya littafin zai fara magana. Mu ɗauki misali kawai: ruwa ya tashi mita 2 tsakanin farkon Yuni da Oktoba a ƙasar ruɓaɓɓen dutse mai ba da santimita 2 a kowace mita. Milimita 40 ke nan suka shiga, lita 400,000 a kowace hekta. In ƙasar ƙauyen hekta 500 ce, lita miliyan 200 ne. Ba duka za a iya kamawa ba, don wani yana gangarawa fadama, itatuwa na shan wani, saboda haka a yi tsari a kan rabi. Daga miliyan 100 a fitar da wajen miliyan 30 na mutane da dabbobi, saniya ɗaya kan sha lita 30 ko fiye a ranar zafi. Saura miliyan 70, wato abin da zai ɗauki hekta 11 ko 12 ta tumatir. In manoma sun yi niyyar hekta 25, tun a kaka aka san za a yi karo da bango a watan Maris. Ko da ba a yi wannan lissafin ba, in awon ƙarshen bazara yana ƙara sauka shekara uku a jere alhali damina ba ta gaza ba, ana cire fiye da abin da ke shiga.

Don haka a riƙa zama sau biyu a shekara a ƙofar dagaci. Zaman farko a ƙarshen Oktoba kafin a yi dashe, na biyu a Maris. A zaman a sami sarkin noma, da ardo, da liman, da 'yan kwamitin ruwa da tsabta na ƙauye, wato WASHCOM, inda yake, da mata masu ɗiban ruwa, ba wakilinsu namiji ba, domin su ne ke fara sanin igiya ta yi gajarta. A nan za a yanke hekta nawa za a noma, da wane iri. Albasa, alal misali, ba ta kai tumatir sha ba, shinkafar rani kuwa ta fi su duka saboda abin da ke tsiyayewa a fangali, ba ta dace da rijiyar ƙasar dutse ba sam. A tsara kwanakin ban ruwa tsakanin maƙwabta don kada mazurarai su haɗu, a yi bayi da safe ko da yamma, a kai ruwa da tiyo maimakon doguwar magudanar yashi, a rufe gindin shuka da kara ko ɓuntu. A kuma sa alama tun da wuri: in ruwan rijiyar gari ya sauka zuwa kaza, ban ruwa ya ragu, sha da shayar da dabbobi su ne gaba. An gwada irin wannan a jihar Andhra Pradesh ta Indiya a shekarun 2000, inda manoma da kansu suka riƙa auna ruwan sama da na rijiyoyi suna tsara shukar rani a kai. Darasin da aka ɗauka a can ya haɗa da cewa in ba mai bibiya, awon yakan tsaya. Shi ya sa muka sa iyayen ƙasa a wannan takarda, don abin da hakimi ke tambaya a kai ba ya mutuwa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisi ya zo cewa an yi tarayya a abu uku: ruwa, da ciyawa, da wuta. Malaman Malikiyya kuma sun yi bayanin haramin rijiya, wato kewayen da ba a yarda wani ya yi abin da zai cutar da ruwanta ko ya ƙuntata wa masu zuwa gare ta ba, ba su kuma ƙayyade shi da zira'i ɗaya ga kowace ƙasa ba. Ilimin zamani ma haka ya ce, tazarar da ta isa a yashi ba ita ce ta dutse ba, gwajin ja ne ke nuna ta. Muna roƙon kada a haƙa sabuwar rijiyar ban ruwa kusa da rijiyar sha ta jama'a sai dagaci da kwamitin ruwa sun sani, an kuma auna ta jama'ar yayin gwaji.

Sai maganar mayar wa rumbu. Ruwa ba ya shiga ƙasa daidai-wa-daida a ko'ina. A kan fako gudu yake yi. Inda yake nutsewa sosai shi ne ƙarƙashin ƙoramu, tafkuna da kududdufai. Kowace tifa da ta kwashi yashi daga cikin ƙorama ta tafi da wani ɓangare na kwanon da ke riƙe wa fadama ruwa, in aka kwashe har aka kai dutse, rijiyoyin gefe ba sa kai watan Fabrairu. Gini na buƙatar yashi, mun sani, amma a ware wuraren ɗiba nesa da fadamun da ake nomawa, a hana taɓa na kusa da rijiyoyin sha. A daina cike kududdufai da shara ana yanka filaye. A gonakin tudu, jeren duwatsu a gicciye da gangare, da ramukan tassa da rabin wata irin waɗanda maƙwabtanmu na Nijar suka farfaɗo da fako da su, suna tsayar da ruwa ya sami lokacin nutsewa. A ƙoramun da gindinsu dutse ne, ana iya gina katanga a gicciye daga kan dutsen, a riƙa ɗaga ta kaɗan-kaɗan kowace damina don yashi mai tsakuwa ya taru a bayanta ba laka ba. Ruwan da ke cikin wannan yashi rana ba ta shanye shi kamar na buɗaɗɗen dam, sauro ma ba ya haihuwa a ciki. An daɗe ana yin haka a Kenya, kuma ƙasar dutsenmu ta dace da shi.

Tsabtar ruwan ma a taƙaice: masai da turken dabbobi su yi nesa da rijiya aƙalla mita 30, su kasance ta gangare. A cike bayan bututun burtsatse da siminti aƙalla mita 5 na sama, a yi daɓen kankare mai magudana, in ba haka ba ruwan kwata na bin jikin bututu ya sauka kai tsaye. Tsohuwar rijiya da aka mayar juji ƙofa ce a buɗe zuwa rumbun kowa, a cike ta da yumɓu. Ƙa'idar ruwan sha ta ƙasa ta sa iyakar sinadarin naitiret, mai zuwa daga masai da takin zamani, a miligiram 50 cikin lita. Yana da haɗari ga jarirai, kuma tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa kauri ma take yi. A gwada rijiyoyin sha sau biyu a shekara, ɗaya a tsakiyar damina.

Mai Girma Kwamishina, naku ɓangaren shi ne takarda. Duk mai haƙa a jihar nan ya yi rajista, ya kuma miƙa bayanin kowace rijiya: inda take, zurfinta, irin ƙasar da aka ratsa mita-mita, inda aka tarar da ruwa, da sakamakon gwajin ja. Har da wadda ba ta ba da ruwa ba, don ita ce ke hana wani sake asara a wurin. Kada a biya cikon kuɗin kwangila sai an ga wannan takarda. Hukumar RUWASSA mai kula da ruwan sha da tsabtar karkara ta zama ma'ajiyar bayanan, malaman gona na KTARDA, hukumar raya noma da karkara ta jiha, su riƙa karɓo lambobin ƙauyuka wata-wata, ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma su taimaka wajen fassara su, a kuma haɗa da hukumar NIHSA ta tarayya mai tattara bayanan ruwa. Shirin ACReSAL da ke aikin gyaran ƙasa a jihohin Arewa wuri ne da ya dace a nemi kuɗin tef da ma'aunai da katangun yashi. Manyan gonakin rani kuwa a karkata su ga ruwan madatsun Zoɓe, Jibiya da Sabke, a bar ruwan ƙasa ga sha da ƙananan lambuna.

Muna ba da shawarar a fara da ƙauyuka kaɗan a kowace masarauta, wasu a ƙasar dutse, wasu a ta yashi, wasu a bakin fadama. Awon farko a ɗauke shi a ƙarshen watan Mayu, kafin damina ta zauna, domin a lokacin ne ruwa ke mafi ƙasa, kuma da shi za a gwada duk awon da zai biyo baya. In aka rasa shi, sai an jira wata shekarar. A shirye muke mu koyar da masu awon a duk gundumar da hakiminta ya nema.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan ruwa da malaman gona na Jihar Katsina.